Gandayen daji da tabkunan jahar Maradi: inda ake tattaki, kwanan daji da shiga kwalekwale

Gandun daji yanki ne da hukuma ta keɓe, ta shata masa iyaka, ta kuma taƙaita sara, noma, kiwo ko farauta a cikinsa domin kare itatuwa da namun daji. A ƙasashe da dama irin waɗannan wurare sun zama wajen hutu, inda iyalai ke kafa tanti su kwana, su yi tattaki, su shiga ruwa da ƙaramin jirgi. Amurka ce ta buɗe wannan hanya da gandun Yellowstone a shekarar 1872. A Nijar ma akwai su, wasu kuwa ba su da nisa da Gidan Sori, Gidan Rumji, Agiye da Gazawa. Sai dai kowanne da dokarsa, da lokacin zuwansa, da kuma haɗarinsa.

Abin da doka ta tanada

Dokoki biyu ne ginshiƙin wannan fanni. Ta farko ita ce doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji. Ta biyu ita ce doka mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yuni 2004, wadda ta shafi dazuka. A ƙarƙashinsu akwai gandun ƙasa irin na W, akwai gandun namun daji da aka hana farauta a cikinsa gaba ɗaya irin na Gadabeji, akwai kuma dazukan da aka killace da takardar hukuma. Ma'aikatan ruwa da dazuka ne ke tsaron su duka. Jahohi ba su da gandun shaƙatawa nasu na kansu kamar yadda jihar Bauci ta Nijeriya ke riƙe da Yankari. Saboda haka duk mai niyyar shiga, ofishin ma'aikatar kula da muhalli na gundumar ne ƙofarsa ta farko.

Tabkin Madarunfa

Wannan shi ne babban tabkin da bai cika ƙafewa ba a jahar Maradi, yana kudu da birnin Maradi da tazarar da ba ta kai kilomita 30 ba. Gulbin Gabi ne ke zuba masa ruwa, yana kuma da alaƙa da Gulbin Maradi. Da damina yana cika ya faɗaɗa, da rani ya ja baya ya bar fadama inda ake noman lambu. A shekarar 2019 aka shigar da shi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar.

Masunta na kama karfasa da tarwaɗa a cikinsa, kuma da kwalekwalensu ne baƙo ke samun zagaya ruwan. Lokacin sanyi tsuntsayen ruwa masu ƙaura daga ƙasashen Turai suna sauka a bakinsa. Mutanen yankin sun gaji labarin cewa waliyyai 99 ke kwance a kewayen tabkin, shi ya sa ake kai masa ziyara daga Nijar da Nijeriya. Mai zuwa yawon buɗe ido ya san cewa ga wasu wurin ziyara ne, ya kama kansa wajen sutura da hayaniya.

Dajin Baban Rafi

Baban Rafi yana kudu maso yammacin Madarunfa, ya jingina da iyakar Nijeriya. Shi ne daji mafi girma da ya rage a kudancin jahar, cike da geza, sabara da taramniya. Daga nan ne itacen girki mai yawa ke shiga Maradi ta hanyar kasuwannin itace na karkara, tsarin da gwamnati ta kafa a shekarar 1992 don ƙauyukan da ke maƙwabtaka da daji su riƙa sara bisa ƙa'ida, su kuma ci moriyar kuɗin. A shekarun baya giwaye kan ƙetaro daga Nijeriya su shigo wannan daji.

Yau maganar Baban Rafi ba ta rabuwa da maganar tsaro. Ƴan bindiga masu satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa sun daɗe suna amfani da dazukan kan iyaka a matsayin maɓoya. Tun daga 2019 dubban ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka kwararo gundumar Gidan Rumji, kuma ƙauyukan Gidan Sori da na Madarunfa su ma sun sha hare-hare. A wannan hali Baban Rafi ba wajen kwanan shaƙatawa ba ne.

Dazukan Agiye da kwarin Gulbin Kaba

A gundumar Agiye akwai dazukan Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado, waɗanda aka killace tun zamanin mulkin mallaka. Noma da kiwo sun cinye sashe mai yawa na itatuwansu, ana kuma aikin farfaɗo da su ta hanyar haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata da dasa itatuwa. Ta wajen Gazawa kuma kwarin Gulbin Kaba ya ratsa, sunansa ma daga kabar goruba ya samo asali, wadda mata ke saƙa tabarma da igiya da ita.

Ga mai son tattakin yini guda, musamman ƴan makaranta da malamansu, wannan yanki yana da abin gani. Tun shekarun 1980 manoman Maradi suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon itace a gona ana yi masa aski har ya girma. Ƙauyen Ɗan Saga na Agiye ya yi suna a kan wannan aiki, har baƙi daga wasu ƙasashe suna zuwa koyo. Bayan girbi, tafiya tsakanin gawo, kalgo da aduwa cikin gonaki darasi ce da ba ta bukatar kuɗin shiga, gaisuwa ga mai gari da izinin mai gona sun wadatar.

Gandun Gadabeji

Gadabeji yana arewa da Dakoro, cikin yankin makiyaya Fulani da Buzaye. An kafa shi a 1955, faɗinsa hekta 76,000, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin yankunan da ake haɗa kare halittu da rayuwar jama'a. Akwai barewa, dila, jan biri da tsuntsaye iri-iri.

Raƙuman dawa sun ɓace daga nan a shekarun 1970 saboda fari da farauta. A watan Nuwamba 2018 aka ɗauko guda takwas daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su a mota aka sake su a Gadabeji, daga baya aka ƙaro wasu. Irin wannan raƙumin dawa na Afirka ta Yamma a Nijar kaɗai ya rage. A 1996 guda 49 ne kacal, yau sun haura 600. Hanyar Gadabeji rairayi ce, sai mota mai ƙarfi, kuma ba a shiga sai da rakiyar ma'aikatan gandun.

Manyan gandaye na nesa

Gandun W, wanda aka kafa a 1954, ya samo sunansa daga yadda kogin Kwara ya karkace kamar harafin W. Ɓangaren Nijar hekta 220,000 ne, sauran yana Benin da Burkina Faso. UNESCO ta sanya shi cikin kayan tarihin duniya a 1996. Ta Tapowa ake shiga, kimanin kilomita 150 kudu da Yamai. A can ne aka saba haɗa kwanan tanti, kallon giwa, ɓauna da gwanki, da yawo cikin jirgin ruwa tsakanin dorina. Ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai sun durƙusar da wannan harka a ƴan shekarun nan. Harin ranar 9 ga Agusta 2020 a Kure, wanda ya hallaka Faransawa shida ma'aikatan agaji da ƴan Nijar biyu, ya ƙara tsinke zuwan baƙi.

A Nijeriya kuwa akwai Yankari, wanda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Yana da ɗakunan kwana da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki, inda zafin ruwan ke tsayawa wajen digiri 31 dare da rana.

Lokacin da ya dace

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin tattaki: ruwa ya ɗauke, hanyoyi sun bushe, sanyi ya sauka. Daren hunturu yana da sanyi sosai a fili, sai da bargo. Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, tafiyar rana na iya kayar da mutum. Daga Yuni zuwa Satumba gulabe na kawo ruwa ba zato, ko da ba a yi ruwan sama a inda mutum yake ba, don haka ba a kafa tanti a cikin kwari ko gindin gulbi.

Shirin tattaki da kwanan daji

A fara da tambayar jandarma, magajin gari da ma'aikatan dazuka halin da hanya ke ciki, a kuma bi abin da suka faɗa. A sanar da gida inda za a da lokacin dawowa. A ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen da ke kusa, domin shi ya san rijiya, ya san burtali, ya san inda ba a bi.

Kowane mutum ya tanadi aƙalla lita huɗu zuwa biyar na ruwan sha a yini. Takalmi rufaffe yana kare ƙaya, ƙarangiya da kunama, kuma a kakkaɓe shi da safe kafin a sa. Gidan sauro wajibi ne kusa da ruwa. Kububuwa tana fitowa da dare, saboda haka kada a taka duhu babu tocila. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da ƙarfi. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a garzaya da shi gidan likita.

Wuta ita ce babbar barazana ga daji da rani. A share ciyawa kafin a hura, a kashe ta da ƙasa kafin a kwanta. A shiyyar Dakoro da Bermo wutar daji na cinye makiyaya kusan kowace shekara, abincin dabbobin jama'a ke nan. Leda da gwangwani a koma da su gida, domin shanu da awaki na haɗiye leda su mutu.

Shiga kwalekwale

Yawancin haɗarin ruwa daga lodi fiye da kima yake fitowa. Idan mai jirgi ya ce ya cika, a jira sawu na gaba. Kowa ya zauna, kada a miƙe tsaye ko a taru gefe guda don ɗaukar hoto. Inda akwai rigar hana nutsewa a sa ta, yara kuma su kasance kusa da babba. Ba a shiga ruwa bayan magariba ko lokacin da hadari ya haɗo. A kauce wa ragar masunta, ita ce jarinsu. Wanka a ruwan da ke kwance yana jawo tsargiya, cutar fitsarin jini, don haka wanda ya ga alama bayan ya dawo ya je a auna shi.