Jerin Sunayen da Ya Hana Nijar Zuwa Montreal

Idan kaka ta kankama a ƙasar Tasawa da Mayahi, damman gero suka shiga rumbu, kowa ya san abin da ke biyo baya. Ganguna su fito, a share fage, samari su ɗaura walki da layu. Duk mai son sunansa ya shiga cikin goman nan da jahar Maraɗi ke kaiwa gasar Takobin Ƙasa, daga nan yake farowa: ya yi kaye a ƙauye, ya yi a gunduma, sannan a tace shi tare da na Dakwaro, Madarunfa, Agye da Gidan Rumji. Jahohi takwas, kowace da mutum goma, 'yan kokowa tamanin ke nan. Akan yi tsegumi a kan mai horarwa, akan ce an yi son kai wajen ɗaukar na tara da na goma, amma wanda aka kayar a idon jama'a ba shi da bakin magana. Ƙasa ce alƙali. Ta wannan hanya Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya ɗauko takobin farko a Tawa a 1975, a zamanin Seyni Kunce, shi ya sa har yau filin kokowar Maraɗi ke amsa sunansa.

Shekara guda bayan takobin Kantu, Nijar ta tsinci kanta cikin rigimar wani zaɓen 'yan wasa daban, na wani wasan da da wuya a sami wanda ya taɓa ganinsa a kasuwar Mayahi a wancan lokaci. Rigimar ta yi tsananin da ta hana tutar Nijar shiga filin Olamfik na Montreal, a Kanada, a watan Yulin 1976.

Wasan shi ne ƙwallon zari-ruga, wanda Turawa ke kira rugby. Mutum goma sha biyar ne a kowane ɓangare, ƙwallon kuma mai siffar ƙwai ce, ana rungumarta a ruga da ita, ba a miƙa wa ɗan'uwa ita da hannu sai ta baya. Ɗan kokowa zai gane rabin wasan da kallo ɗaya, don akwai kamun ƙugu, akwai kwashe ƙafa, akwai kuma inda ƙarti takwas ke sunkuyawa su haɗa kafaɗa da wasu takwas, a yi ta ture kamar raguna. Ƙasashe biyu ne suka mai da wasan tamkar addini: New Zealand, mai ƙungiyar All Blacks, da Afirka ta Kudu, mai ƙungiyar Springboks. Tun 1921 suke kai wa juna ziyara, a yi wata da watanni ana fafatawa.

Matsalar ta fito fili a 1928, lokacin da New Zealand za ta kai ziyararta ta farko Afirka ta Kudu. A lokacin babu wanda ake ji da shi kamar George Nepia, ɗan ƙabilar Maori, wato 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar. Yana ɗan shekara 19 ya buga kowane wasa a rangadin da All Blacks suka yi a Turai a 1924 zuwa 1925, ba a ci su ko sau ɗaya ba. Da jerin sunayen 1928 ya fito, babu Nepia, babu wani Maori. Ba rauni ya ji ba, ƙarfinsa kuma bai ragu ba. Masu masaukin ne ba su son baƙo mai duhun fata a filinsu, hukumar wasan ta New Zealand kuwa ta zaɓi ta faranta musu. A ce Maraɗi za ta je Tawa a 1975, sai a ce wa Kantu ya zauna gida don masu gari ba su son ƙabilarsa, Maraɗi kuma ta amsa da to. Abin da ya faru ke nan, kuma aka maimaita shi a 1949, aka sake a 1960, duk da cewa a karo na ukun mutane sama da dubu 150 sun sa hannu a takardar koke suna cewa in babu Maori, to kada a je.

A watan Satumban 1965 firaministan mulkin wariya, Hendrik Verwoerd, ya tashi a madatsar ruwa ta Loskop ya nanata cewa ba za a karɓi Maori ba. Wannan karon New Zealand ta ji kunya, ziyarar 1967 ta rushe. Magajinsa John Vorster ya ga hana Turawan ƙasarsa kallon All Blacks ya fi masa haɗari a siyasa, sai ya ɓullo da wata dabara mai ban dariya da ban takaici: Maori da 'yan tsibirai su zo, amma za a ɗauke su a matsayin Turawan aro har su koma. Da wannan rigar aron Sid Going da Bryan Williams, wanda jininsa na Samoa ne, suka shiga ƙasar a 1970. Baƙaƙen fata da aka killace a wani lungun filin kallo su suka fi kowa yi wa Williams tafi.

Nan ne maganar ta juya. Jerin New Zealand ya gyaru, amma na Springboks yana nan fari fat, alhali baƙaƙe da ruwa-biyu na yankin Kap suna buga wasan tun ƙarshen ƙarni na 19, da ƙungiyoyinsu da gwanayensu, ba wanda ya taɓa kiran ɗayansu gwaji. Firaminista Norman Kirk ya hana Springboks zuwa New Zealand a 1973. Robert Muldoon ya ci zaɓen 1975 da alkawarin cewa gwamnatinsa ba za ta sa baki a harkar wasa ba, ya kuwa cika.

Ranar 16 ga Yunin 1976 'yan makaranta suka fito a Soweto suna ƙin a koyar da su da harshen Afrikaans. 'Yan sanda suka buɗe wuta. Hoton Hector Pieterson, yaro ɗan shekara 12 da aka ɗauko cikin jini, ya zagaya duniya, kuma kafin tarzomar ta lafa an kashe ɗaruruwa. Jinin bai bushe ba All Blacks suka sauka a ƙasar, suka shiga wasanninsu kamar ba abin da ya faru.

Afirka ta harzuƙa. Tanzaniya ta Julius Nyerere ce ta fara cewa ba za ta je Montreal ba. Majalisar Ƙoli ta Wasanni a Afirka, wadda Abraham Ordia na Najeriya ke shugabanta, Jean-Claude Ganga na Kwango kuma yake babban sakatare, ta kai wa kwamitin Olamfik buƙata guda: a kori New Zealand, ko mu tafi. Kwamitin, ƙarƙashin Lord Killanin, ya ce rabon zari-ruga da Olamfik tun 1924, ba shi da iko da hukumarsa, ita kuwa Afirka ta Kudu ai an riga an kore ta tun 1970. A takarda, hujjar ba ta da aibi. Sai dai mutanen da suka ga hoton Soweto ba takarda suke karantawa ba.

Aka buɗe gasar ranar 17 ga Yuli, ƙasashe sama da ashirin suka juya baya, Nijar da Najeriya na ciki, Iraƙi da Guyana suka mara musu. 'Yan wasan Najeriya, har da ƙungiyar ƙwallon ƙafa, sun riga sun isa Montreal lokacin da umarnin gwamnatin Obasanjo ya iske su, suka tattara kaya. Masar, Kamaru, Maroko da Tunisiya sun ma fara wasa kafin su janye. Senegal da Kodibuwa ne suka tsaya.

Wanda ya biya kuɗin wannan fushi ba minista ba ne, ɗan wasa ne. Filbert Bayi na Tanzaniya ke riƙe da bajintar duniya a tseren mita 1,500 tun 1974, duniya na jiran karonsa da John Walker. Bayi na gida, Walker ya ɗauki zinariya, kuma abin haushin, Walker ɗan New Zealand ne. Ita Nijar, a Munich a 1972 Isaka Dabore ya ciyo mata tagulla a dambe, lambarta ta farko a tarihi, ana ganin ƙofa ta buɗe. Ba ta je Montreal ba, ba ta je Mosko a 1980 ba saboda wata rigimar daban, sai 1984 ta koma. Shekara goma sha biyu kuwa ita ce dukan ƙuruciyar ɗan dambe.

Ni dai ina ganin asarar ba ta tafi a banza ba. A 1977 ƙasashen rainon Ingila suka ƙulla yarjejeniyar Gleneagles ta hana hulɗar wasa da mulkin wariya. Da Najeriya ta ga Muldoon na jan ƙafa, sai ta ƙaurace wa wasannin ƙasashen rainon Ingila na Edmonton a 1978. Su ma masu zaɓen Springboks suka fara neman abin rufe fuska: a watan Mayun 1981 suka sa Errol Tobias a wasansu da Ireland, mutum na farko da ba Bature ba da ya sa koriyar rigarsu, yana da shekara 31, bayan mafi kyawun shekarunsa sun wuce. Suka tafi da shi New Zealand a wannan shekarar, amma mutum ɗaya bai isa ya rufe bakin kowa ba. A Hamilton masu zanga-zanga suka mamaye fili aka fasa wasa. A Auckland wani ƙaramin jirgin sama ya yi ta shawagi yana jefo ƙullin garin fulawa a kan 'yan wasa. Kotu ta tsayar da ziyarar da All Blacks za su kai Afirka ta Kudu a 1985. Aka yi gasar kofin duniya ta farko a 1987, aka yi ta biyu a 1991, duk babu Springboks.

Labarin 1995 an fi saninsa, har an yi masa fim: Nelson Mandela ya shigo filin Ellis Park ranar 24 ga Yuni sanye da riga mai lamba 6 irin ta kyaftin Francois Pienaar, Afirka ta Kudu ta doke New Zealand 15 da 12 a wasan ƙarshe na kofin duniya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a jerin nan mutum ɗaya ne tak ba Bature ba, Chester Williams, shi ma rauni ya fitar da shi da farko, sai da aka dakatar da Pieter Hendriks saboda faɗa aka dawo da shi, ya kuwa kai ƙwallo gida sau huɗu a karonsu da Samoa. A wannan gasar ce kuma Kodibuwa ta buga, ita kaɗai ce ƙasar Afirka ta Yamma da ta taɓa zuwa. Scotland ta ci ta 89 da nema, ɗan wasanta Max Brito ya karye a wuya a wasansu da Tonga, ya shanye har ƙarshen ransa.

Daga nan gardamar ta koma ta kaso: shin a tilasta wa mai horarwa ya sa baƙaƙe kaza a jeri, ko a bar cancanta ta yi aiki? Masu cewa cancanta kaɗai suna da magana mai daɗin ji, kuma a fagen Tasawa gaskiya ce, don yashi kyauta ne, ɗan manomi da ɗan sarki duk da tuwon gero suka girma, kowa na iya shiga a gan shi. Zari-ruga a Afirka ta Kudu ba haka yake ba. Mafi yawan gwanayensa daga wasu 'yan tsirarun makarantu masu tsada suke fitowa, masu ciyawa a fili da nama a kwano da masu horarwa. Siya Kolisi ya tashi a unguwar Zwide ta Port Elizabeth, inda yakan kwana da yunwa. Yana kimanin shekara 12 wani ya gan shi a wata gasar yara, aka ba shi gurbin karatu kyauta a makarantar Grey. Ba don wannan idon ba, da babu mai zaɓen da zai taɓa jin sunansa. A 2018 mai horarwa Rassie Erasmus ya naɗa shi kyaftin ɗin Springboks, baƙar fata na farko a wannan matsayi. Ya ɗaga kofin duniya a Yokohama a 2019 bayan sun lallasa Ingila 32 da 12, ya sake ɗagawa a Paris a 2023, an ci New Zealand 12 da 11.

Hukumomin wasan na ƙasashen biyu sun nemi gafarar 'yan Maori a 2010. Nepia bai ji ba, ya rasu tun 1986.

Yau Nijar na da tata hukumar zari-ruga da ƙungiyar ƙasa, tana cikin ƙungiyar wasan ta nahiyar Afirka, ko da yake a Tasawa da Mayahi har gobe gangar kokowa ce ke tara mutane. Shi kuma wasan da aka ce ba na Olamfik ba ne, ya koma cikinta a Rio ta Birazil a 2016, a sigarsa ta mutum bakwai-bakwai. Mazan New Zealand ba su kai zagayen kusa da ƙarshe ba. Afirka ta Kudu ta ci tagulla da su Cecil Afrika da Cheslin Kolbe, waɗanda a 1976 ko gwaji ba za a kira su ba. Kwanaki kaɗan bayan haka, a wannan birnin, Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo azurfa a taekwondo, lambar Nijar ta biyu, shekara 44 bayan ta Isaka Dabore.