Bindigar Gwanjo: Daga Hannun Soja Zuwa Hannun Maharbi

Tun bayan abin da ya faru a Uromi a ƙarshen azumin 2025, inda aka kashe maharba 16 'yan Arewa a kan hanyarsu ta zuwa gida yin Sallah, hirar bindiga ba ta bar majalisunmu na Sabo ba. Allah Ya jiƙansu da rahama. A ɗaya daga cikin irin waɗannan hirarraki ne, bayan isha, muna zaune a ƙofar shago, wani yaronmu mai sayar da kayan waya ya kawo wata magana da ƙarfinsa. Wai ya ji an ce tsohuwar bindigar soja, in aka rage mata tsawo aka cire katakon da ya yi mata yawa, ta tashi daga ta yaƙi ta koma ta farauta, hukuma kuma ba ta da ta cewa. Ya ce ai haka Turawa ke yi. To, rabin maganarsa gaskiya ce, Turawa sun yi, sun ma yi da yawa. Ɗaya rabin kuwa shi ne zai iya kai mutum gidan yari, ya jawo wa unguwa baki ɗaya bincike. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin abin daga tushe.

Mu 'yan kasuwa mun san gwanjo. Kayan da mai shi ya gama da shi, ya cika masa ɗaki, sai ya tara ya sayar a dunƙule, dillali ya saya ya gyara ya kai wa wanda bai da halin sabo. Bindiga ma haka take. Duk lokacin da aka gama babban yaƙi, ko aka ƙero sabon samfuri, rumbunan soja sukan cika da tsofaffi. Bayan an gama yaƙe-yaƙen Napoliyon a 1815, Turai ta cika da bindigogi masu ƙyastu, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. Maƙeran Birmingham a Ingila da na Liyaj a Beljiyam suka riƙa gyara su, suna ƙera wasu masu araha a kan samfurinsu, jiragen ruwa suna sauke su a gaɓar tekun nan tamu. Irinsu ne Turawa suka laƙaba wa sunan 'yan Denmark, masu ganuwar ciniki a Akra. Jikokinsu ne muke kira bindigar toka ko harba-ka-ruga, maƙwabtanmu Yarabawa kuma su ce shakabula. Kun ga ashe ita kanta bindigar maharbinmu asalinta ta soja ce, sai dai sojan da ya rasu shekara 200 da suka wuce.

Sai zamani ya juya, aka koma ɗuri ta baya. A 1866 Ingila ta ɗauki tsofaffin bindigoginta na Enfield ta buɗe musu ƙofa ta gindi, aka kira su Snider. Faransa ta yi irin wannan da nata a 1867. Ba a daɗe ba su ma suka tsufa, suka faɗa gwanjo. Na Faransan nan ne suka fi ba mu sha'awa, don an yi musu gyara har sau biyu. Maƙeran Beljiyam suka saye su, suka rage katako, suka share cikin bututun ya zama sumul, suka mayar da su bindigogin harbin tsuntsaye, aka sa musu sunan kasuwa wai Zulu, aka sayar wa talakawan manoma da araha har Amurka. Wannan shi ne ainihin abin da yaronmu yake nufi, kuma ya girmi kakansa.

Ita kuwa Snider, ƙasar nan da muke zaune ta san ta. A yaƙin Kiriji, wanda aka fara a 1877 tsakanin Ibadan da haɗin gwiwar Ekiti da Ijesha, 'yan uwansu 'yan kasuwa da ke Ikko ne suka samo wa su Ekitin irin waɗannan bindigogi. Ibadan da ta saba kora kowa sai ta ci karo da abin da ke cimma mutum daga nesa, yaƙi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa har shekara 16. Ana cewa shi kansa sunan Kiriji kwaikwayon ƙarar bindigogin ne.

Turawa sun lura da wannan, kuma bai yi musu daɗi ba. A 1890 suka taru a Brussels suka sa hannu a wata yarjejeniya da aka ce ta hana cinikin bayi ce. A cikinta aka shata yanki, daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, wato kusan duk ƙasar baƙar fata, aka ce kada a sayar wa mutanen wurin bindiga mai zane a cikin bututu, irin zanen da ke murza harsashi ya tafi nesa a miƙe. Abin da aka bar mana shi ne mai ƙyastu, mai sumul, da albarushin kasuwa. Hana cinikin bayi abu ne mai kyau, ba mu musu. Amma a duba abin da ya biyo baya: 1892 Ijebu ta faɗi, 1903 Kano da Sakkwato suka faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. Wanda ya rubuta dokar shi ne ya zo da bindiga mai aman wuta. Abin da ya fi ciwo, da yawa daga masu riƙe masa bindigar Hausawa ne, tun daga rundunar da Glover ya kafa a Ikko a 1863. Daga wannan shekara ta 1890 hanyarmu da ta manomin Turai suka rabu. Shi gwanjon soja yana isa hannunsa, mu kuwa sabuwar bindiga ba ta zuwa hannunmu sai da kaki a jiki.

Wadda kakanninmu suka riƙe da kakin ita ce Lee-Enfield, mai cin harsashi 10, mai lamba 303, wadda aka ƙera fiye da miliyan 16 nata a duniya. Ƙanwarta ce tsofaffi ke kira Mak-Fo, wadda muka taso muna gani a kafaɗar 'yan sanda. Da ita aka tafi yaƙin Bama, runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma. Ba sai mun je nesa neman shaida ba. Barikin Letmauck da ke nan Mokola, wanda muke wucewa kullum, sunan wani wuri ne a Bama, haka Myohaung da Arakan da Dodan a Ikko, da Kalapanzin a Kaduna. Muna yara akwai wani dattijo cikin mazan jiya a layinmu, in ya ji daɗin hira sai ya ɗauki sandarsa ya nuna mana yadda ake jan ƙarfen nan a tura, da sauri kamar mai kaɗa kalangu. Ya ce ranar sallama sai da aka ƙirga kowace bindiga aka karɓe. Mutumin da ya riƙe 303 a dajin Bama, da kwari da baka ya ƙare yana gadin kanti a Dugbe.

Ita wannan bindiga, su kansu masu ita sun yi ta rage mata tsawo. Ta farko a 1895 bututunta inci 30 ne. Bayan yaƙin Afirka ta Kudu suka mayar da shi inci 25, don mai doki da mai ƙasa su riƙe iri ɗaya. A 1944 suka sake ragewa zuwa ƙasa da inci 19, suka fafe ƙarfe a wasu wurare don ta yi sauƙi, suka kira ta Lamba 5, sojoji kuma suka yi mata laƙabi da gajeriyar daji. An ƙera wajen 250,000. Sauƙin ɗauka kam ta yi, amma harsashin bai canja ba, albarushin cikinsa na doguwar bindiga ne. Sai ƙara ta ƙaru, wuta ta riƙa fita a baki har sai da aka sa mata mazurari, dukan kafaɗa ya yi tsanani har aka liƙa mata roba a gindi. Aka kuma yi ta ƙorafin cewa saitinta ba ya zama wuri ɗaya, yau ka daidaita gobe ta kauce. A 1947 aka daina ƙera ta. Wannan fa aikin masana'antar gwamnatin Ingila ke nan, da injiniyoyinta da filin gwajinta. Sai a auna abin da zai fito daga hannun mai zarto a bayan gida.

Bayan 1945 ne kasuwar ta buɗe sosai, amma a can. Kamfanin Parker-Hale na Birmingham ya yi suna wajen sayen 303 na gwanjo yana mayar da su na farauta: a cire katakon sama da maƙalin wuƙar baki, wadda tsofaffin soja ke kira banati, a gyara gindi, a sa sabon saiti, a kai gidan gwaji na hukuma a buga hatimi. Manoman Kanada da Ostireliya da New Zealand sun ci nama da su shekara da shekaru. A Amurka kuwa abin ya zama kamar gwanjon riguna, Mauser ta Jamus, Carcano ta Italiya, Enfield ta Ingila, mutum ya aika kuɗi ta gidan waya a kawo masa har gida. Da dillalai suka ga gajeriyar daji tana da farin jini, sai suka riƙa yanke dogayen suna sayarwa da sunanta. Algus dai ba a Dugbe aka fara shi ba. Bindigar da aka harbi Shugaba Kennedy da ita a 1963 irin wannan gwanjon ce, Carcano, an saye ta ta wasiƙa daga wani kanti a Chicago a kan kusan dala 20. A 1968 Amurka ta yi dokar da ta hana wannan ciniki ta wasiƙa, ta kuma toshe shigo da gwanjon soja na wani lokaci. Abin dariya ga ɗan kasuwa, yau masu tara kayan tarihi sun fi biyan kuɗi a kan wadda ba a taɓa ba. Wadda aka yanke darajarta ta zube.

To a ƙasashen da Ingila ta mulka fa? Nan ne gizo ke saƙa. Bature bai damu da tsawon bindiga ba, harsashinta ya dama. Tunaninsa shi ne, in farar hula na da bindiga mai cin harsashin soja, duk harsashin da ya ɓace a bariki ya sami gida. Don haka a Indiya aka haramta wa jama'a lamba 303. Har ma a masana'antar Ishapore suka riƙa ɗaukar tsofaffin Lee-Enfield suna share bututun, suna toshe gidan harsashi, ta koma mai ci ɗaya, a ba 'yan sanda da masu gadi. A wani yanki na Ostireliya da aka taƙaita harsashin soja, sai da maharba suka canja bututun ɗungurungum zuwa wata lamba kafin su riƙe.

Wannan tunanin ne aka gada a dokar bindigogi ta Najeriya, wadda ta fara aiki a 1959 kuma har yau ana hukunci da ita. Ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne, ba mai ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu an ambaci bindigogin soja da lambar harsashinsu ƙarara: 7.62, da 9, da 300, da 303. Kashi na biyu su ne irin mai baki ɗaya da mai baki biyu ta harbin tsuntsaye, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, su bindigar toka, waɗannan Kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke da ta cewa a kansu. Ku lura da kyau, ba a ce doguwa ko gajeriya ba, lamba aka faɗa. Ko an yanke 303 ta dawo tsawon muciya, an shafe ta da man gyaɗa an rataya mata laya, a gaban alƙali bindigar soja ce, hukuncinta kuma ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Ita ma mai sumul ɗin da aka halatta, dokar ta hana a rage bututunta ƙasa da inci 20, ta hana a riƙe wadda aka rage. Wato yankan da yaronmu ya ɗauka shi ke wanke bindiga, a nan ƙasar ba ya wanke ta, a kan mai sumul ma laifi ne.

Kuma in an bar maganar doka, me maharbinmu zai yi da ita? Wanda ke bin gada da gyazbi da zabo a kurmin Oyo, harbinsa taku 20 ne ko 30, cikin duhuwa, sau da yawa da fitila a goshi. Harsashin 303 yana wuce kilomita biyu bai gaji ba, bayan kurmin kuma akwai gonar wani da 'ya'yansa a ciki. Tsofaffin maharba da suka fi son dogon bututu ba ƙauyanci ba ne, albarushin gargajiya a hankali yake ci, yana son hanya mai tsawo.

Sabo tun 1916 take nan, kakanninmu sun zo da goro da shanu, amma har gobe in an sami abu a ɗaki ɗaya ba a cewa wane, cewa ake Hausawa. Mun ga Shagamu a 1999, mun ga Shasha a 2021. Mutanen Uromi bindigogin toka ne a motarsu, kashi na uku, mafi sauƙi a doka, kayan sana'arsu, amma ba a tsaya an kai su gaban hukuma an tambayi takarda ba. Wannan zalunci ne, kuma haƙƙinsu na kan waɗanda suka yi. Da a ce guntuwar 303 ɗaya aka ciro daga cikin buhu a ranar, da waɗanda suka yi kisan sun sami abin nunawa a talabijin, da kuma ba a sami mai buɗe baki ya nema musu haƙƙi ba.

Da muka kai nan a hirar, yaron ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, ta kakanmu da ke rataye a Bichi fa, ta toka ce, ita ma sai da takarda?" Muka ce ita ma, a ofishin Kwamishina na Kano. Ya ce in ya je Sallah babba zai tambayi baffansa ko an taɓa yi mata.