Jana'izar abokin aiki a Birtaniya: abin da baƙo zai tarar

Abu na farko da ke ɗaure wa Bahaushe kai idan abokin aikinsa ya rasu a Birtaniya shi ne jinkiri. A Kano ko Zinder, wanda ya cika da asuba yakan kwanta a makwancinsa kafin la'asar. A Landan kuwa gawa kan yi mako biyu ko uku kafin a yi mata sutura. Wannan ba sakaci ba ne. Doka ta wajabta rajistar mutuwa cikin kwana 5 a Ingila da Wales, kwana 8 a Scotland, kuma a Ingila da Wales tun watan Satumban 2024 sai likita mai zaman kansa ya tantance musabbabin kowace mutuwar da ba a miƙa wa jami'in binciken mace-mace ba. Bayan haka sai jiran gurbi a coci ko gidan ƙona gawa, domin kusan kashi 80 cikin 100 na mamatan ƙasar ƙona su ake yi.

Babu zaman makoki irin namu, inda ake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kwana uku. Zuwa gidan mamaci ba tare da sanarwa ba kutse ne a wurinsu. Ta'aziyyar ofis takan taƙaita ga kati guda da kowa zai sa wa hannu, sai furanni ko gudummawa ga ƙungiyar jinƙai da iyalan suka zaɓa. Ranar jana'iza ana sa tufafi masu duhu, maza da mata na halarta tare, a saurari tarihin mamacin, har da abin dariya a cikinsa. Daga nan a wuce liyafa, sau da yawa a mashaya. Wanda ya nemi lemo ba mai yi masa kallon banza.

Dokar ƙwadago ba ta ba ma'aikaci haƙƙin hutu don jana'izar abokin aiki ba, sai da yardar shugabansa, saboda haka a nemi izini da wuri.

Ga Musulmi, malamai da dama sun halatta yi wa wanda ba Musulmi ba ta'aziyya, sun kuma saɓa kan halartar ibadar coci. Masu sassauci kan kafa hujja da hadisin miƙewar Annabi (SAW) yayin da aka wuce da gawar wani Bayahude. Idan mamacin Musulmi ne, masallatai kan gaggauta takardu, a binne shi a maƙabartu irin Gardens of Peace da ke gabashin Landan, wani lokaci cikin kwana ɗaya ko biyu.