Ruwa Mai Kwance da Hazon Hunturu: Yadda Ido Ke Yaudarar Matuƙi

Ƙaramin jirgin sama ba baƙo ba ne a yankin Malbaza. Jiragen SIMAIR, na mishan ta SIM, kan ɗauko likitoci daga Yamai su sauke su a filin asibitin Galmi, wanda mishan ɗin ta buɗe a 1950. Jirgi mai sauka kan ruwa kuwa ba a san shi a nan ba, ko a madatsar ruwa ta Mozage. Sai dai ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kifar da masu koyon tuƙinsa a tafkunan Kanada da Alaska yana nan a sararin Sahel: dogaro da ido a lokacin da ido ya daina faɗin gaskiya.

Ba guguwa malaman tuƙi suka fi jin tsoro ba. Sun fi tsoron safiyar da iska ta kwanta, tafki ya zama madubi. Ɗalibi na duban ƙasa sai ya ga gajimare, ya kasa sanin ko mita ɗaya ta rage masa ko goma. In ya ɗaga hancin jirgin da wuri, ya faɗo daga sama. In ya makara, goshin kwale-kwalen da ke ƙarƙashin jirgin ya soki ruwa, jirgin ya tuntsura. Shi ya sa ake koya masa ya daidaita hanci da ƙarfin inji, ya riƙa sauka kimanin ƙafa 150 a minti, ya jira har ya ji ruwa ya taɓa shi. Akwai kuma mantuwa: jirgi mai tayoyi da kwale-kwale, in aka sauka kan ruwa tayoyin na waje, nan take yake kifewa. Binciken TSB, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Kanada, ya nuna yawancin waɗanda ke mutuwa a haɗurran jirage masu sauka kan ruwa nutsewa suke yi a cikin jirgin, ba buguwar ce ke kashe su ba.

A ƙasar Hausa hazo da magariba ne ke yaudarar ido haka. A watan Janairu ƙura kan haɗe sama da ƙasa, layin da matuƙi ke auna karkatar fukafukai da shi ya ɓace.

Magariba kuwa ta nuna illarta ranar 25 ga Oktoba 2012, lokacin da Ɗanbaba Suntai, gwamnan Taraba na wancan lokaci, wanda ya koyi tuƙi a kwalejin jiragen sama ta Zariya, ya faɗi da jirgin Cessna 208 kusa da Yola. Hukumar binciken haɗurran jirage ta Najeriya ta gano ba shi da shaidar tuƙa irin wannan jirgi, kuma ya ci gaba da tafiya da ido bayan faɗuwar rana. A nan nauyi ya fi komawa kan makarantu da masu ba da lasisi, domin su ne ya kamata su tsaya kai da fata kan horon tuƙi da na'urori, ko da ɗalibin gwamna ne. Suntai bai sake samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a Amurka a 2017.