Binciken Masana da Zaman Iyali: Abin da Aka Gani a Sabo ta Ibadan

Tambayarmu ta yau ita ce, ko binciken masana yana goyon bayan abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar a kan aure da iyali? Bari mu fara da tarihin wata unguwa.

A shekara ta 1916 hukumomin Ibadan suka keɓe wa Hausawa fili a Mokola, aka sa masa suna Sabo. Fatauci ne ya tara su: shanu suna gangarowa daga arewa, goro kuma yana haurawa. Baƙo yakan sauka a hannun maigida, shi ne zai ba shi masauki, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa a kan bashi.

A 1962 da 1963 wani masani mai suna Abner Cohen, haifaffen Bagadaza, ya zauna yana nazarin unguwar, littafinsa ya fito a 1969. Mu faɗi gaskiya, ba koyarwar Kirista ya je gwadawa ba, gama mazaunan Sabo Musulmi ne kusan dukansu. Amma abin da ya gani ya shafe mu. Ya lura aure yana cikin manyan abubuwan da ke mai da baƙo ɗan gari. Gwauro yau yana nan, gobe ya ɗauki jakarsa, wa zai ba shi kaya bashi? Mai mata da 'ya'ya kuwa an san ƙofarsa. Saboda haka masu gida sukan yi wa yaransu aure, su kuma riƙe 'ya'yan wasu, zumunci ya ƙullu. Wannan ya tuna mana da Farawa 2:18, inda Allah ya ga kaɗaici bai dace da mutum ba. Cohen ya kuma rubuta cewa saki ya yi yawa, mata da dama suna fita aure, su yi zaman kansu, su sake shiga. Kada wani ya nuna yatsa, gama dattawan ikilisiyoyinmu ma suna zama a kan irin wannan shari'a.

To, me rabuwar iyaye take yi wa yara? A 1994 Sara McLanahan da Gary Sandefur na Amurka suka nuna cewa yaron da ya tashi a hannun mahaifi ɗaya, haɗarin ya bar sakandare bai gama ba ya kusa ninka na wanda ya tashi da iyaye biyu. Mai karanta Matiyu 19 da Malakai 2 ba zai yi mamaki ba.

A zancen mata fiye da ɗaya kuwa bakin masana bai zo ɗaya ba. Wani nazari na 2007 a kan ƙasashen Afirka ya sami mutuwar yara ta fi yawa a gidajen kishiyoyi. Amma a 2015 David Lawson da abokan aikinsa suka duba ƙauyuka 56 a arewacin Tanzaniya, suka tarar idan aka gwada gida da gida cikin ƙauye guda, yaran da ke zaune tare da uba mai mata da yawa ba su fi sauran wahala ba. Mai wa'azin da ya ɗauki na fari ya ɓoye na biyu bai yi wa jama'arsa adalci ba. Mu dai mun riƙe mace ɗaya domin tun farko haka Allah ya shirya, kuma Afisawa 5 ta kwatanta aure da Almasihu da ikilisiya. Ma'aunin masana yana iya auna tsawon yaro da nauyinsa, amma ba ya auna alkawari.

Akwai wani abu cikin binciken McLanahan da ba mu cika ambata ba. Kusan rabin koma-bayan yaran nan daga ƙarancin kuɗi yake, wato abin da ke shiga gida ya ragu bayan uba ya tafi. Wannan kuwa aiki ne da ikilisiya ta sani tun Ayyukan Manzanni 6, sa'ad da aka yi gunaguni a kan rabon abinci ga gwauraye mata a Urushalima, manzanni suka sa aka zaɓi mutum 7 su kula da shi.