Hoton ɗan ci-rani a matsayin shaidar tarihi: hanyar Kumasi da korar 1969

Masu binciken tarihin Nijar sun fi dogara da abubuwa biyu: takardun da Turawan mulki suka bari, da kuma maganar baka, wadda aka kafa wa cibiya ta musamman a Yamai tun 1968. A wannan takarda muna so mu jawo hankali kan shaida ta ukku da ke kwance cikin akwatunan gidaje a Adar da Gobir da Damagaram, wato hotunan da ƴan ci-rani suka aiko gida daga Kumasi da Akara.

Hanyar tsohuwa ce, fataken goro sun bi ta zuwa Gwanja tun kafin zuwan Faransawa. Abin da mulkin mallaka ya ƙara shi ne dalilin gudu: kuɗin lanho, da aikin dole wanda ba a soke ba sai 1946. Jean Rouch ya yi nazarin wannan tafiya a rubutunsa na 1956, kuma fim ɗinsa Jaguar, da ya fito a 1967, ya bi samari ukku daga Ayoru zuwa bakin teku. Amma idon baƙo ne ya riƙe kamara. A shagon mai hoto kuwa, ɗan ci-rani ne ya biya, shi ya zaɓi yadda za a gan shi.

Nan matsalar take. An san cewa masu hoto na wancan zamani, irin Seydou Keïta a Bamako, suna ajiye agogo da rediyo da tufafi don arawa masu zuwa. Saboda haka hoton da ya iso ƙauye ba ya faɗin abin da mutum ya mallaka. Yana faɗin abin da yake so uwarsa da surukansa su yarda ya mallaka. Ɗan dako na kasuwar Kumasi ba ya zuwa gaban kamara da gammo a ka. A ganinmu wannan ba ya rage darajar hoton, sai dai ya sauya tambayar da za a yi masa.

A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama sati biyu su fice daga Gana. Mutanen Nijar da Najeriya da yawa suka taso cikin gaggawa, suka bar rumfuna da gidaje, wasu har da mata da ƴaƴa a zango. Daga ranar ma'anar hoto ta juya. Wanda aka aiko don alfahari ya koma abin da ya rage kaɗai daga shekarun zama can, ko fuskar ɗan'uwan da ya tsaya bai dawo ba.

Jikoki na yau suna ɗaukar waɗannan hotuna da wayar salula suna aika wa dangi a Gana, amma fuskar hoton kawai suke ɗauka. Ga mai bincike bayan hoton ya fi amfani: hatimin shago, sunan gari, wani lokaci ƴan kalmomi da ajami. Ya kamata kuma a rubuta wa ke riƙe da shi, ta hannun wa ya biyo, domin sau da yawa tsohuwar da ta ajiye shi ce kaɗai za ta iya ambata sunayen waɗanda ke tsaye a layin baya.