Makaɗan Gangar Metal: Tarihin Gasa Tsakanin Sauri, Salo da Sanin Ya Kamata

Kiɗan metal ya samo asali ne a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, musamman a Birmingham da kewayenta, yankin masana'antu da maƙeru. Kiɗa ne mai nauyi na jitar lantarki da ake ƙure wa murya, amma ganga ce ƙashin bayansa. Makaɗi ɗaya ke zama a bayan jerin ganguna: babbar ganga da ake bugawa da ƙafa ta hanyar feda, ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙarƙashi wadda ke ba da amo mai kaifi, wasu ganguna masu muryoyi daban-daban, sai farantan tagulla. Hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki lokaci guda. Tun wancan zamani masu sauraro da mujallun kiɗa ke auna makaɗan da ma'auni uku: ƙwarewar hannu da ƙafa, salon da ke bambanta mutum da saura, da sanin ya kamata, wato sanin inda za a cika kiɗa da inda za a sassauta. Ba safai ma'aunan uku ke nuna mutum ɗaya ba, kuma kowane zamani da wanda ya fi rinjaye.

Zamanin nauyi

Mutum uku ne suka aza harsashi, kuma dukansu an haife su a 1948 a tsakiyar Ingila: John Bonham na Led Zeppelin, Bill Ward na Black Sabbath, da Ian Paice na Deep Purple. Babu wanda ya koyi metal a cikinsu, domin a lokacin babu shi. Sun taso ne suna sauraron makaɗan jazz na Amurka irin su Gene Krupa da Buddy Rich, kuma ana jin wannan tarbiyya a hannunsu.

Bonham ya yi suna da ƙarfin bugu da ƙafar dama mai sauri. A waƙar "Good Times Bad Times" ta 1969 yana jero bugu a babbar ganga da feda ɗaya tak, har wasu suka ɗauka ganga biyu yake takawa. A "When the Levee Breaks" ta 1971 kuwa, an ajiye gangunansa a zauren benen wani tsohon gida mai suna Headley Grange, aka rataya makirufo daga sama, sai amon ya fito da faɗi. Da ya rasu a watan Satumba na 1980, abokansa sun gwammace su rushe ƙungiyar da su nemi wani. Mujallar Rolling Stone ta sa shi na ɗaya a jerin makaɗan ganga 100 da ta fitar a 2016.

Ward ya fi sakin jiki. A waƙar "War Pigs" ta 1970, jita takan buga sau biyu ta yi shiru, sai a bar ƙaramin farantinsa kaɗai yana ƙidaya a cikin shirun, kafin ya zubo da gudun ganguna a ƙarshen layi. Saurinsa yakan ƙaru ya ragu gwargwadon yadda waƙar ke numfashi. Paice, wanda bahago ne, shi ya fi su tsabtar hannu da sauri a ƙaramar ganga. A wannan zamani babu mai ƙirga yawan bugu. Abin da ake tambaya shi ne nauyin kiɗan da yadda yake motsa jiki.

Shigowar ganga biyu

Taka babbar ganga biyu, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ba ƙirƙirar 'yan metal ba ce. Makaɗin jazz Louie Bellson ne ya fito da ita a shekarun 1940, daga baya Ginger Baker na ƙungiyar Cream, wanda ya zauna a Legas kuma ya yi kiɗa da Fela Kuti, ya yaɗa ta a kiɗan rock. Abin da metal ya ƙara shi ne mayar da ita gindin waƙa daga farko har ƙarshe. Ƙafafun suna sauka bi da bi kamar taɓaren mata biyu masu lugude a turmi ɗaya. Les Binks ya buɗe waƙar "Exciter" ta Judas Priest da wannan lugude a 1978, sannan Phil Taylor na Motörhead ya riƙe shi ba tsayawa a "Overkill" ta 1979. Daga nan sauri ya zama abin tinƙaho.

Ba kowa ya bi yayin ba. Nicko McBrain, wanda ya gaji Clive Burr a Iron Maiden a 1982, ya zauna kan feda ɗaya kusan duk rayuwarsa ta kiɗa, yana fitar da sukuwar da aka san ƙungiyar da ita da ƙafar dama kaɗai, har ya daina yawon wasa a ƙarshen 2024. Har yau masoyan ƙungiyar ba su daidaita kan su biyun ba: wasu sun fi son Burr saboda kiɗansa mai zafi, kai tsaye, a kundaye uku na farko, wasu kuma sun fi son McBrain saboda yawan ado.

Ulrich da Lombardo

Babu kwatancin da ya jawo ce-ce-ku-ce a tarihin metal kamar na Lars Ulrich da Dave Lombardo. Dukansu baƙi ne a California. An haifi Ulrich a Denmak a 1963, ɗan wani ɗan wasan tanis, ya kafa Metallica tare da James Hetfield a 1981. An haifi Lombardo a Habana ta ƙasar Kyuba a 1965, ya zama makaɗin Slayer. Ƙungiyoyin biyu ne kan gaba a reshen da ake kira thrash, wanda ya haɗa nauyin metal da saurin kiɗan punk.

A fagen ƙwarewa yawancin makaɗa Lombardo suke bai wa gaba. Kundin Reign in Blood na 1986 bai kai minti 30 ba, kuma kusan duka gudu ne. Dab da ƙarshen waƙar "Angel of Death" jita kan ɗauke, a bar ƙafafunsa biyu su kaɗai na 'yan daƙiƙoƙi, kuma wannan ɗan gurbi ya zama jarrabawa ga matasan makaɗa. Duk da saurin, kiɗansa ba ya bushewa. Yana ɗan tura waƙa gaba, yana jefa gudun ganguna inda ba a zata ba.

Ƙarfin Ulrich yana wajen tsara waƙa. Sunansa na cikin marubutan kusan duk waƙoƙin Metallica, kuma gangarsa takan bi jitar Hetfield sau da ƙafa. A "One" ta 1988, waƙar sojan da yaƙi ya nakasa, luguden ƙafarsa ya haɗu da jita ya zama ƙarar bindiga mai sarrafa kanta, a daidai inda labarin ke buƙatar haka. A kundin 1991 da Bob Rock ya shirya, ya rage ado ƙwarai, kuma wannan kundi ne ya fi kowane na ƙungiyar kasuwa. Masu sukarsa suna kafa hujja da yadda saurinsa ke tangal-tangal a kan dandamali, da kuma kundin St. Anger na 2003, inda ya sassauta wayoyin ƙaramar ganga ta riƙa ƙara mai amon ƙarfe da mutane da yawa suka ƙi.

A 2004 an sami damar jin bambancin a fili. Ulrich ya yi rashin lafiya ranar da Metallica za ta yi wasa a bikin Download a Ingila, sai Lombardo ya buga waƙoƙi biyu na farko, Joey Jordison na Slipknot ya ɗauki yawancin sauran. Sun buga da tsabta da ƙarfi, amma tsarin da suka bi na Ulrich ne. Mai auna ƙwarewa da mai auna tsarin waƙa kowanne ya tashi da hujjarsa.

Ƙure sauri da shigowar na'ura

A ƙarshen shekarun 1980 wani irin bugu ya yi fice, na ɓarin wuta: ƙaramar ganga da babbar ganga da faranti suna sauka a jere cikin matuƙar sauri har kunne ya kasa rarrabe su. Mick Harris na Napalm Death, ita ma ta Birmingham, ya yaɗa shi a kundin Scum na 1987. Pete Sandoval, haifaffen El Salbado, ya gyara shi ya daidaita a kundin Altars of Madness na Morbid Angel a 1989. Garin Tampa na jihar Florida, da situdiyon Morrisound da ke can, ya zama cibiyar reshen death metal.

Lissafin abin yana nuna wahalarsa. Idan waƙa na tafiya da ƙidaya 200 a minti, kuma ƙafafu na buga huɗu a kowace ƙidaya, bugu 800 ke nan a minti, fiye da 13 a daƙiƙa. A irin wannan sauri cinya ba ta iya ɗagawa, sai makaɗi ya koma amfani da idon sawu, ko diddige da yatsu bi da bi, ko murza ƙafa hagu da dama kamar yadda George Kollias na Girka, makaɗin ƙungiyar Nile, ke yi. Amma da sauri ya ƙaru sai bugu ya yi rauni. Maganin da aka samo shi ne tiriga, 'yar na'ura da ake liƙa wa fatar ganga, wadda ke mayar da kowane taɓi, komai sauƙinsa, amo mai ƙarfi iri ɗaya. Masu goyon baya sun ce ba ta ƙara wa kowa sauri, tana ma tona asirin mai kuskure. Masu adawa sun ce ta kashe bambanci tsakanin bugu mai nauyi da mai taushi, inda halin makaɗi ke bayyana.

A cikin wannan reshe ma an sami waɗanda suka ƙi dogara da sauri kaɗai. Sean Reinert ya shigo da dabarun jazz a kundin Human na ƙungiyar Death a 1991, yana da shekara 20. Gene Hoglan, wanda ya gaje shi, ya haɗa daidaito da wasa da farantai a Symbolic na 1995, kuma ana yawan kafa misali da shi idan ana neman wanda ya haɗa ma'aunan uku.

Komawa ga rawa, da zamanin lissafi

Shekarun 1990 sun kawo martani iri biyu. Vinnie Paul na Pantera, daga Texas, ya rage gudu ya koma kiɗa mai sa gyaɗa kai. A waƙar "Walk" ta 1992 tazarar da ke tsakanin bugu ita ce ke ba da nauyi. Igor Cavalera na Sepultura ya waiwayi gida Birazil: a kundin Roots na 1996 ƙungiyar ta yi aiki da makaɗi Carlinhos Brown, ta kuma je ta naɗi kiɗa tare da ƙabilar Xavante.

Martani na biyu shi ne rikita ƙidaya. Mike Portnoy na Dream Theater, ƙungiyar da ɗaliban makarantar kiɗa ta Berklee suka kafa a 1985, ya bi sahun Neil Peart na Rush wajen sauya ma'aunin kiɗa sau da yawa a waƙa ɗaya. Da ya bar ƙungiyar a 2010 aka gwada mutum bakwai, aka ɗauki Mike Mangini, malami a Berklee wanda ya taɓa kafa tarihin saurin hannu. Babu mai musun ƙwarewar Mangini, duk da haka masoya da yawa sun yi ta kewar salon Portnoy har ya dawo a 2023. Danny Carey na Tool ya koyi gangar tabla ta Indiya, kuma a waƙar "Lateralus" ta 2001 yana juya ƙidaya tara, takwas da bakwai ba tare da waƙar ta yi tuntuɓe ba.

Tomas Haake na Meshuggah, daga Suwidin, ya raba jikinsa gida biyu: hannu na riƙe ƙidaya huɗu ta yau da kullum, ƙafafu na bin wani zagaye dabam tare da jita, sai bayan layuka da yawa su sake haɗuwa. Waƙar "Bleed" ta 2008 ta ci masa watanni kafin ƙafafunsa su iya ta. Ƙungiyar ce kuma ta fitar da kundin Catch Thirtythree a 2005 da gangar kwamfuta, wadda aka haɗa da amon gangunan Haake kansa, kuma ba ta ɓoye hakan ba.

Inda ma'auni ya tsaya a yau

Tunda manhajar situdiyo na iya gyara kowane bugu ta ajiye shi daidai wurinsa, kundi ya daina zama cikakkiyar shaida kan ƙwarewa. Shi ya sa hankali ya koma kan wasan dandamali da bidiyon da ake ɗauka daga bayan makaɗi, wasu har da kyamara a wajen ƙafafu. Ta wannan hanya aka san Mario Duplantier na Gojira, ƙungiyar Faransa da ta yi wasa a bikin buɗe gasar Olamfik ta Paris a 2024, da Eloy Casagrande ɗan Birazil, wanda ya bar Sepultura ya koma Slipknot a shekarar. Dukansu ana yaba musu ne da buga ganga da ƙarfin gaske cikin sauri.

Ƙwarewa tana ƙirguwa, kuma matsayinta ya hau sosai: abin da ya girgiza mutane a 1986 yanzu darasi ne a makarantun ganga. Salo ana gane shi da kunne, ko da ba a faɗi sunan makaɗi ba. Sanin ya kamata kuwa ya dogara da reshen kiɗan da waƙar da ake bugawa, domin cikawar da ta dace da Nile za ta ɓata waƙar Pantera. Wannan ne dalilin da jerin gwanayen da mujallu ke fitarwa ke saɓa wa juna: wanda ya fifita sauri zai sa Kollias ko Sandoval a gaba, mai fifita lissafi ya zaɓi Haake ko Carey, mai fifita tasiri a tarihi kuma ya fara da Bonham, Ward da Lombardo.